Yaro mai galahanga: kwalbar 'yan talla ko cokalin uwa?

Ɗan ƙanwata yana da wata goma sha huɗu aka fara kawo mana maganar kwalba. Wata maƙwabciyarsu ce a Pantami ta turo wa uwar saƙon murya ta WhatsApp. Wani mutum ne mai zaƙin baki yake bayanin wani gari da ake kaɗawa a ruwa, wai yana farfaɗo da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wai yaron da bai riƙe wuya ba zai zauna cikin wata uku, ya miƙe cikin shida. Da na shiga gidan bayan la'asar ta miƙo min wayar. Yaron yana kwance a cinyarta, kansa ya faɗa baya, hannuwansa suna ta murɗewa ba da sonsa ba.

"Hamma, saurari wannan don Allah. An ce kwalba uku ake sha. In na sayar da 'yan kunnena kuɗin za su isa."

Ban iya ce mata komai ba a ranar. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma uwar da ta shekara tana kallon yaran da aka haifa bayan nata suna rarrafe suna wuce shi, ruwa ya daɗe da cin ta. Aka sayi kwalaben, kuɗinsu ya ɗara na buhun masara. Wata uku suka cika, wuya bai tsaya ba. Sai ma rama da yaron ya ƙara, don hankalin gidan gaba ɗaya ya koma kan lokacin shan garin, ba wanda ya tsaya ya lura cewa kunun da ake ba shi rabi a haɓa yake zubewa, wani kuma yana bin hanyar da ba tasa ba yana sauka a ƙirji.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Maganar ƙarin sinadaran abinci ga yara masu galahanga ta cika gari, daga kantin kemis har Facebook da TikTok, kuma da kalmomin likitoci ake yin ta don ta shiga kunne. Ni dai ga inda na tsaya. Abinci yana cikin maganin farko da yaro mai wannan lalura yake buƙata, a ƙasa irin tamu ma zan ce shi ne kan gaba. Amma abincin da nake nufi yana cikin tukunya da cokali da yadda ake zaunar da yaro, sai kuma 'yan sinadaran da ma'aikacin lafiya ya duba ya ga sun yi ƙaranci a jikinsa. Kwalbar da ake tallatawa da sunan gyara ƙwaƙwalwa kuwa, har yau babu wadda ta cika wannan alkawari.

Sai mun fara daidaita suna, don mutane da yawa a nan Gombe suna haɗa ta da shan inna. Shan inna ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta lalata jijiyoyin laka, ta bar ƙafa a langaɓe, kuma tana da rigakafi. Galahanga rauni ne da ƙwaƙwalwa ta ji tun tana ɗanya, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa, a sashen da ke sarrafa motsin jiki. Ba a ɗaukar ta, raunin ba ya yaɗuwa, amma kuma ba ya gogewa. Wani yaron jikinsa sandarewa yake yi, wani ya yi laushi, wani kuma gaɓoɓinsa su riƙa motsi da kansu. Da yawansu hankalinsu garau yake, bakin ne kawai ya ƙi ba su haɗin kai, shi ya sa nake jin zafi idan na ji ana amfani da kalmar a matsayin zagi, ko na ji an ce wa yaro ɗan ruwa ne, aljanu ne suka musanya shi. Tun a shekarun 1860 wani likitan Ingila mai suna William Little ya bayyana lalurar, ya kuma danganta ta da wahalar haihuwa.

Abin da ya gani a wancan zamani shi muke gani a yau: doguwar naƙuda da jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba, bakwaini, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da kuma shawara. Namu shawara ce. Kwana uku da haihuwa idonsa ya yi ɗorawa. Dada ta ce ai duk jarirai suna yi, a riƙa fitar da shi hantsi. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, haka aka yi wa nata 'ya'yan kuma muka tashi lafiya. Ana gobe suna ya ƙi kama nono, yana wani kuka mai tsini, yana banƙarewa. Kafin a kai shi inda ake da fitilar da ake sa jarirai masu shawara a ƙarƙashinta, sinadarin da ke kawo rawayar ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙiyasin da masana suka fitar a 2022 ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki yaran da ke samun galahanga ba su kai 2 cikin kowane 1,000 da aka haifa ba, a ƙasashe irin namu kuwa sun haura 3.

Dole a yi wa 'yan talla adalci a wuri ɗaya: ba daga iska suka ɗauko maganarsu ba. Gaskiya ce ƙwaƙwalwa ta fi saurin girma a kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu. Gaskiya ce da abinci ake gina ta, da wani irin kitse da ake kira DHA, da kolin, da sinadarin ƙarfe, da aidin, da zink. Gaskiya ce kuma ƙwaƙwalwar jariri tana iya neman wata hanya ta kewaye inda ya lalace, abin da ta babba ba ta cika yi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka tambayar da masana suka yi tambaya ce ta hankali: in aka wadata ƙwaƙwalwar da ta ji rauni da kayan gini tun da wuri, za ta fi gyara kanta?

An gwada. A Oxford ta Ingila wasu likitocin yara sun yi wani gwaji da suka sa wa suna Dolphin, aka wallafa sakamakonsa a 2018. Jarirai 40 suka ɗauka, masu wata 1 zuwa wata 18, waɗanda ake zaton suna da galahanga, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya ana zuba musu garin da ke ɗauke da DHA da kolin da wani sinadari mai suna yuridin a cikin abincinsu kullum, ɗaya gidan ana ba su wani gari mai kama da shi don kwatance, iyaye da likitoci ba wanda ya san wa ke shan wanne. Aka bi su har tsawon shekara biyu. Da aka auna, ba a samu bambancin da za a iya dogara da shi ba. Yaran da suka sha garin sun ɗan ɗara a fahimta da harshe, amma yawansu ya yi kaɗan a ce lallai garin ne ya jawo ba dace ba. Ba yaro ko ɗaya da aka ce ya rabu da galahanga. Su kansu masu binciken ba su ce a fita kasuwa da shi ba, sai suka ce a sake gwadawa, aka shirya wani gwajin a Birtaniya da jarirai kusan 1,000.

A lura da abu biyu a nan. Waɗanda suka shafe shekaru suna wannan aiki, da awo da lissafi, iyakar abin da suka iya cewa shi ne akwai alama, a ƙara dubawa. Mai saƙon murya kuwa ya ce wata uku. Sannan sinadaran nan uku ba daga wata duniya suka zo ba. Duk suna cikin nonon uwa. Kolin yana cike a gwaiduwar ƙwai da hanta. DHA yana cikin kifi, musamman mai maiƙo irin na teku da ake sayarwa a ƙanƙara ko a gwangwani.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne wanda ake kira sitem sel. Ana cewa ƙwayoyin halitta ne na tuffa ko na inabi da za su shiga jiki su maye gurbin waɗanda suka mutu a ƙwaƙwalwa. Duk abin da aka haɗiya, ciki narkar da shi yake yi yadda yake narkar da tuwo, kuma ƙwayar halittar tuffa ba ta rikiɗewa ta zama ta ɗan Adam. Yawanci ma ta kasuwancin kawo mutum a ba ka kaso ake sayar da su, shi ya sa mai tallar takan zama 'yar uwa ko ƙawar makarantar Islamiyya, wadda ita ma ta yarda da abin da aka gaya mata kuma ana jin nauyin a ce mata a'a. In ka yi gardama sai a nuna maka lambar NAFDAC. Lambar tana nufin hukuma ta san da kayan kuma ta duba lafiyar shansa, ba ta nufin an tabbatar yana warkar da jerin cututtukan da mai talla ya lissafa. A jikin irin waɗannan kaya ma akan rubuta da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Uwar da ke Nafaɗa ko Dukku wa zai karanta mata wannan?

Yanzu bari in zo kan abin da ke cin yaran nan a zahiri, wato yunwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Gombe da Bauchi kuwa abin ya haura rabi. Wannan fa yara ne masu tauna da haɗiya lafiya lau. To ina ga wanda haɗiyar ma aiki ce a wurinsa? Mu da muke da lafiya ba mu san haɗiya motsi ba ce. Leɓe da harshe da muƙamuƙi da maƙogwaro ne ke aiki tare cikin ƙiftawar ido, su rufe hanyar numfashi su buɗe ta abinci. Raunin da ya hana yaro riƙe wuya shi ne yake rikita wannan tsari. Sai ka ga jariri ya kasa tsotson nono da ƙarfi, ya gaji kafin ya ƙoshi. In ya isa cin abinci harshe ya riƙa turo shi waje, ya dalalar da yawu, ya ƙware, ya yi amai, bayan gida ya yi tauri har ya ƙi cin na gaba. Kofin kunu ɗaya sai ya ci awa guda, ga uwa tana da girki da wanki da wasu 'ya'yan. Yaro irin namu mai yawan motsi kuma jikinsa ƙona abincin yake yi fiye da yadda yake shiga.

A nan ɗura take shigowa, kuma ita ce abin da na fi so duk wanda ya karanta wannan rubutu ya kai wa matan gidansu labari. Kowa ya san ta. A kwantar da yaro a cinya, a danne hannuwansa, a cika tafin hannu da koko a kafa a bakinsa, a toshe hanci, in ya buɗe baki neman iska sai kokon ya wuce. Iyayenmu sun yi ta ne don ƙauna, don kada yaro ya kwana da yunwa. Ko ga yaro mai lafiya tana da haɗari, ga mai galahanga kuwa hanyar kabari ce. Yaron da maƙogwaronsa ba ya rufe hanyar iska a kan lokaci, aka kwantar da shi, aka ɗaga haɓarsa sama, aka tilasta masa jan numfashi da ruwan koko a baki, kai tsaye huhu kokon zai tafi. Wasu yaran ko tari ba sa yi, abin shiru yake sauka. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi da numfashi sama-sama, a ce sanyi ne ya kama shi, a yi allura ya samu sauƙi, a dawo gida a ci gaba da ɗura. Ciwon huhu irin wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe yara masu galahanga. Goggonmu ce take yi wa namu ɗura, da zuciya ɗaya, kuma sau uku aka kwantar da shi kafin wani ya tambaye mu yadda muke ba shi abinci. Da yaron ya ƙi ci kuma aka fara maganar beli ne, a kira wanzami. Allah ya taimake mu uban ya ƙi. Yanka a maƙogwaron da dama bai iya haɗiya ba sai dai ya ƙara zubar jini da ƙwayar cuta da tsoron cokali.

Wadda ta yi mana tambayar wata ma'aikaciyar sashen gashi ce, wato masu horar da motsin gaɓoɓi. Ba ta rubuta mana ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ce ƙanwata ta ba shi abinci a gabanta, ta zauna tana kallo. Sannan ta karɓe shi ta zaunar da shi a miƙe, ta lanƙwasa ƙugunsa da gwiwoyinsa, ta tallafe ƙeyarsa yadda haɓa za ta ɗan sunkuyo, ba ta kalli sama ba. Ta ce a nemo ƙaramin cokali marar zurfi, a zo masa da shi ta gaba daidai bakinsa, a ɗora kaɗan, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Ta ce kunu mai kauri ya fi masa sauƙin sarrafawa a kan tsararo, don ruwa gudu yake yi ya riga maƙogwaro shiri. Kada zama ɗaya ya wuce rabin awa, gara a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, kuma a bar shi a zaune na ɗan lokaci bayan ya gama. In an ji muryarsa ta jiƙe tana gurgur, ko idonsa ya kawo ruwa, a dakata. Ta kalli ƙanwata ta ce, "Maman yaro, gashin da nake masa ba zai yi aiki ba in babu abin da zai ƙona. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Tunda cikinsa ba ya ɗaukar da yawa, dabarar ita ce kowane cokali ya yi nauyi. Aka koma garin da ake kira Tom Brown, wato gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa tare, a ƙara busasshen kifi in da hali. A dama da kauri, a zuba cokalin man gyaɗa ko manja ko man shanu. Dafaffen ƙwai a murƙushe a ciki. Kindirmo, kabewa, dankalin Hausa, wake da aka dafa ya yi lugub aka tace, garin zogale a miyar kuka, hanta ranar da aka samu, kifin Dadin Kowa a cire ƙaya tsaf. Gyaɗar dai a tsince ta, wadda ta yi fumfuna guba ce ga hanta. Duk wannan a kasuwar Gombe yake, kuma kuɗin kwalba ɗaya da muka saya zai yi wa yaro ƙwai na watanni.

Kada a fahimce ni a kan cewa ƙarin sinadarai ba su da gurbi. Suna da shi, babba ma, in an san abin da ake cikewa. Yaron da ba ya cin nama da ganye yakan samu ƙarancin jini, ya buƙaci maganin ƙarfe, amma bayan an auna jinin, don mai sikila ba a ba shi haka kawai. Yaron da ba ya tsayuwa ƙashinsa ba ya ƙwari, in kuma yana shan maganin farfaɗiya irin fenobabiton ko kabamazefin, su ma suna rage bitamin D a jiki. Ƙara da cewa yaran nan a ɗaki ake ɓoye su saboda bakin mutane, a garin da rana ba ta yankewa amma ba ta taɓa fatarsu. Binciken da aka yi a Jos a shekarun 1990 ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci yana cikin manyan dalilan da ke lanƙwasa ƙafafun yaranmu. Irin wannan yaro likita zai iya rubuta masa bitamin D da kalsiyam, kuma daidai ne. Akwai ɗigon bitamin A da ake bai wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5 duk bayan wata shida, kyauta, tare da maganin tsutsar ciki ga waɗanda suka shekara. Akwai zink da ruwan gishiri da sukari lokacin gudawa. Wanda kuma aka auna damtsensa tef ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, magani yake buƙata, shi ne abincin leda na gyaɗa da madara da mai da bitamin wanda kowane ƙulli yake ɗauke da kalori 500. Wani ma sai an sa masa robar hanci na ɗan lokaci, kuma wannan ba alamar mutuwa ba ce kamar yadda ake tsorata mata.

Duk waɗannan gyaran jiki suke yi, su ba yaro ƙarfin koyo da yaƙar cuta. Suna da awo, suna da ranar dainawa, kuma in aka wuce kima suna cutarwa. Bitamin A da D taruwa suke yi a jiki, ba sa fita da fitsari. Maganin ƙarfe in yaro ya sha da yawa guba ne. Ruwan maganin sa cin abinci da ake saya a kemis, da yawansa yana sa barci, yaro mai magagi kuwa ya fi saurin ƙwarewa.

Akwai maganar zuma da man zaitun da habbatus sauda, waɗanda mutanenmu suke riƙe da su da daraja, ni ma haka. Amma likitocin yara sun yi ittifaƙi kada a bai wa jaririn da bai shekara ba zuma, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Mai kuma, kowane iri ne, in aka tsiyaya shi a bakin yaron da ke ƙwarewa ya gangara huhu, ciwon da yake haddasawa yana da wuyar magani. A cakuɗa shi cikin abinci. Addu'a kuwa ba ta taɓa hana kai yaro asibiti ba, tare suke tafiya.

Wani abokina ya ce min, to kai mene ne naka, in bai yi amfani ba ai bai cutar ba, a bar uwa da ɗan abin da zai riƙe mata zuciya. Na daɗe ina juya wannan magana, don na ga yadda ƙanwata take samun barci a makonnin farko na shan garin. Amma na ga abin da ya biyo baya. Kuɗin da ya tafi kwalba shi ne kuɗin ƙwai da na Keke Napep zuwa gashi. Watanni ukun da aka yi ana jira su ne watannin da ƙwaƙwalwarsa ta fi karɓar horo, kuma ba sa dawowa. Da abin ya ƙi, mai tallar ba ta ce garin ne bai yi ba, cewa ta yi ba a ba shi a kan ƙa'ida ba, a ƙara kwalba uku. Laifin ya dawo kan uwa. Gidan da aka yi wa alkawarin warkewa sau uku, sau huɗu, ba a gani ba, daga ƙarshe sai su yanke ƙauna da komai, har da abin da yake aiki, a mayar da yaro ƙuryar ɗaki. Wanda aka gaya wa gaskiya tun farko, cewa raunin ba zai goge ba amma yaron zai iya ƙaruwa sosai, shi ne yake jurewa.

Ga hukuma kuma ina da buƙata, kuma ba ta gagari jiha ba. Gombe na cikin jihohi biyu da aka fara shirin kula da tamowa a cikin al'umma a 2009, ita da Kebbi, saboda haka akwai ma'aikata da suka san awon damtse da rabon abincin leda. Abin da ya rage shi ne a koya musu gane yaron da tamowarsa daga haɗiya ta taso. Irin wannan yaro in aka ba uwarsa leda kawai aka sallame ta, zai dawo bai ƙaru ba, a ɗauka sayar da abincin take yi. Jihar tana da gundumomi 114. A ce a kowace cibiyar lafiya ta gunduma akwai mutum ɗaya da ya iya kallon yadda uwa ke ciyar da ɗanta ya gyara mata zama, wanda kuma zai tambayi duk uwar da ta kawo rigakafi ko jaririn ya yi kuka da aka haife shi, ko ya yi shawara, ko ya riƙe wuya a wata huɗu. Masana sun nuna ana iya gane alamun lalurar tun jariri bai kai wata shida ba, mu kuwa sai yaro ya shekara biyu bai zauna ba ake fara tambaya. Masu gashi kuma kada su tsaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da na Ƙwararru a cikin gari, a kai su Kumo da Bajoga da Kaltungo ko da sau ɗaya a mako. A sa yaran nan cikin waɗanda GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jiha, ke ɗaukar nauyinsu. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta shafi wanda ke goye a bayan uwarsa, ba manya masu keke kaɗai ba. Gidajen rediyo kuma su ji tsoron Allah kan tallar da suke karɓa.

Maza 'yan uwana, cefane a hannunmu yake. Ƙwai ɗaya a rana ga wannan yaro ba almubazzaranci ba ne. Karɓar sa na rabin awa don uwar ta ci abinci ta huta ba ya rage wa namiji komai. Na san gidajen da haihuwar irin wannan yaro ta zama sanadin saki, aka ce daga dangin uwa abin ya fito, alhali naƙudar kwana biyu aka bar ta tana yi a ɗaki ana jiran mai gida ya dawo ya ba da izini. Yawancin abin da ke jawo lalurar nan a wurinmu ana iya tare shi: awon ciki, haihuwa a hannun wanda ya iya taimakon jaririn da bai yi numfashi ba, gaggauta kai duk jaririn da idonsa ya yi ɗorawa asibiti a ranar, da raba kayan jariri da kafur, don yana fasa jinin wasu jariran ya tsananta shawara.

Ɗan ƙanwata yanzu shekararsa huɗu. Ba ya tafiya, kuma jinsa ya ragu, kamar yadda shawara takan yi. Wani kafinta a unguwarsu ya haɗa masa kujera mai madogarar kai da ɗan tebur a gaba, a kanta yake cin abinci, a tsakar gida, tare da yayyensa. Rabonsa da kwanciya asibiti saboda ƙirji ya fi shekara biyu. Goggo da kanta ce yanzu take hana baƙi ba shi ruwa a kwance. Ranar Juma'ar da ta wuce na same shi ya damƙi cokali da hannun hagu, ya kai shi kunci, ya kai shi hanci, a karo na uku ya samu baki. Uwar tana gefe da kwanon a hannu, ba ta taya shi ba, ta bar shi ya sake ɗebowa.